Wai Aljanu Ne Ke Rubuta Musu?

A taron Ƙungiyarmu na ƙarshen zangon da ya wuce an yi wata magana wadda har yau ta tsaya mini a rai, ta ƙi wucewa. Ana cikin tattauna halin da ƙagaggun labarai ke ciki, sai wani yayanmu na ajin ƙarshe ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya ce duk marubucin da ka ga littattafansa sun haura 10, to, shara yake tarawa, don ita hikima ba ta zuwa buhu-buhu. Wani daga bayan ɗaki ya cafe, ya ce ai irin waɗannan mutane, ko dai aljanu ke rubuta musu, ko kuwa sata suke yi. Ɗaki ya kaure da tafi da dariya. Ni ma na yi tafin, Allah ya yafe mini.

Da na koma ɗakin kwana sai idona ya faɗa kan wani littafin rubutu mai jan bango da ke ƙarƙashin akwatina. A cikinsa na fara wani labari tun ina ajin farko. Shekara 3 ke nan, shafi 11 na rubuta. Nan take kunya ta kama ni. Na ce wa kaina, kai da ka kasa cika shafi 12, wa ya ba ka bakin yi wa mai littafi 40 dariya? Lalle laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan kunya ce ta kai ni laburare na binciko yadda masu yawan littattafai ke yi, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami yau in ce wa yayan namu da masu tafa masa, har da ni, maganar nan ba ta da tushe, kuma bargo ce da muka samu muke lulluɓe lalacinmu da ita.

Bari mu fara da wani mutumin Ingila, Anthony Trollope, wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1882. Ƙagaggun littattafai 47 ya bari, ban da gajerun labarai da littattafan tafiye-tafiye. Kada mai karatu ya zaci ba shi da wata sana'a sai rubutu. Ma'aikacin gidan waya ne, shekara 33 ya yi yana aikin, sai a 1867 ya ajiye. To, yaushe yake rubutun? Da ƙarfe 5 da rabi na asuba yana bakin teburinsa. Akwai wani tsohon baransa wanda ya ƙara wa fam 5 a shekara don kawai ya riƙa tashinsa yana kawo masa gahawa. Rabin sa'a na farko sai ya karanta abin da ya rubuta jiya, sa'an nan ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15. In sa'a 3 ta cika ya tashi, ya karya kumallo, ya nufi aikin gwamnati. In tafiya ta kama shi, cikin jirgin ƙasa ko na ruwa, rubutun bai tsaya ba. In ya gama littafi yau, gobe ya fara wani.

Shi da kansa ya tona wannan asiri a cikin tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1883, bayan mutuwarsa. Har ya kwatanta kansa da baduku, wanda ba ya zama jiran sai zuciya ta motsa kafin ya ɗinka takalmi. Wasu manazartan zamanin suka ji haushi ƙwarai, darajarsa ta ragu a idonsu, don sun fi son a ce musu fasaha daga sama take saukowa da tsakar dare. Watau irin haushin da yayanmu ke ji ba sabo ba ne, ya shekara fiye da 100. Amma ga shi har yau ana buga littattafan Trollope, ana karanta su a jami'o'i, su kuwa masu haushin da wuya ka sami wanda zai iya kawo maka sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu.

Jama'a, mu yi ɗan lissafi, ko da yake na san yawancinmu gudun lissafi ne ya kawo mu Sashen Hausa. Mu bar ma'aunin Trollope, ya yi mana nauyi. A ce mutum ya rubuta kalma 500 kawai a rana, abin da bai wuce shafi 2 na littafin rubutu ba. A ce ya huta ranar Juma'a da ranakun salla da na rashin lafiya, ya yi kwana 300 a shekara. Kalma 150,000 ke nan. In kowane littafi kalma 30,000 ne, ya sami littafi 5. A shekara 10 ya sami 50. Ina aljani a nan? Yau da gobe ai ita ta sa allura ginin rijiya.

Hanya ta biyu ita ce ta Georges Simenon, mutumin Beljiyam mai rubutu da Faransanci, wanda aka haifa a 1903 ya mutu a 1989. Shi kam littattafansa sun kai wajen 400, kusan rabinsu da sunayen aro ya fitar da su a zamanin ƙuruciya, yana neman na tuwo. Guda 75 daga ciki a kan wani ɗan sandan ciki ne mai suna Maigret. Simenon ba kullum yake rubutu ba. In labari ya taso masa, sai ya ɗauki wani ambulan, ya rubuta a bayansa sunayen mutanen labarin, da shekarunsu, da danginsu, sunayen ma daga littafin lambobin tarho yake tsintowa. Likita ya auna jininsa, sa'an nan ya shiga ƙulle: ba ya ganin baƙo, ba ya amsa waya. Babi ɗaya kowace rana. Cikin kamar kwana 11 littafi ya kammala, shi kuwa ya fito a galabaice kamar wanda ya yi jinya.

Abin lura game da Simenon shi ne ya san ma'aunin tukunyarsa. Littattafansa gajeru ne, ana iya cinye ɗaya a zama guda. Kalmominsa na yau da kullum ne, da gangan yake kakkaɓe duk wata kalma mai ƙyalli wadda ba ta aikin kome sai burga. Kuma yana da tsayayyen jarumi da tsayayyen gari, ba sai ya sake ƙago duniya daga tushe a kowane littafi ba. Wannan shi ne abin da masu suka ke kira maimaici. Ni kuwa na ce masaƙi ba ya sake kafa sabon masaƙa a kowane zane, amma ba wanda ya ce duk zannuwansa iri ɗaya ne. André Gide, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1947, yana cikin masu ganin girman Simenon ƙwarai, ya kuma faɗa a fili. In yayanmu ya fi Gide sanin adabi, to, sai ya fito ya gaya mana.

Hanya ta uku ita ce shifta, watau marubuci ya faɗa da baki, wani ya rubuta, don baki ya fi hannu sauri. A nan ina son mai karatu ya riƙe misali 2 tare. A 1865 bashi ya shaƙe Dostoevsky, babban marubucin nan na Rasha. Ya sa hannu a wata muguwar yarjejeniya da wani mai ɗab'i, cewa in bai kawo sabon littafi ba kafin 1 ga Nuwamba na 1866, mai ɗab'in zai riƙa buga ayyukansa shekara 9 ba tare da ya biya shi ko anini ba. Oktoba ta kama bai rubuta kome ba. Sai ya ɗauki wata yarinya 'yar shekara 20, Anna Snitkina, wadda ta iya rubutun sauri irin na akawun kotu. Yana faɗa tana rubutawa, cikin kwana 26 suka gama labarin wani ɗan caca, wanda har gobe ana karanta shi a harsuna da yawa. Daga baya ma ya aure ta. Misali na biyu kuwa ita ce Barbara Cartland ta Ingila, wadda ta mutu a 2000 ta bar littattafai 723, galibinsu na soyayya. Kishingiɗa take yi a doguwar kujera tana faɗa, sakatariya na rubutawa, cikin kamar mako 2 littafi ya fito. Na gwada karanta 3 daga cikinsu. Gaskiya na karanta na farko, na biyu da na uku kuwa sai na ga tufafi kawai aka sauya wa amarya da ango.

To, ga mutum 2, hanyarsu ɗaya, gaggawarsu ɗaya, amma abin da ya fito ya bambanta kamar dare da rana. Me wannan ke koya mana? Sauri ba shi ke ɓata littafi ba, kamar yadda jinkiri ba shi ke gyara shi ba. Abin da ke cikin tulu shi ke zuba, ko an karkata shi a hankali ko an kifar da shi gaba ɗaya. Na san mutanen da suka shekara 7 suna goge labari ɗaya, da ya fito bai fi na mai mako 2 ba.

Sai hanya ta huɗu, wadda ita kaɗai ce nake ganin mai zargin sata yana da ɗan abin kamawa a cikinta, watau hannun haya. Alexandre Dumas na Faransa, mai labarin nan na jarumawa 3 masu tsaron sarki wanda ya fito a 1844, yana da mataimaka, babbansu Auguste Maquet. Maquet ke binciken tarihi ya tsara ƙashin labari ya yi rubutun farko, Dumas ya bi ya sa masa tsoka da rai da zance mai daɗi. A 1845 har wani ya fitar da ƙasida yana kiran gidan Dumas masana'antar ƙera labarai. Daga baya Maquet ya kai ƙara kotu, amma bai sami a sa sunansa a bangon littattafan ba. A Amurka abin ya fi haka. Littattafan yara na wata 'yar bincike Nancy Drew, waɗanda aka fara fitarwa a 1930, suna ɗauke da sunan Carolyn Keene, alhali ba a taɓa yin wata mata mai wannan aiki da wannan suna ba. Kamfani ne ke ba marubutan haya tsarin labari, su rubuta, a sallame su. Mildred Benson, wadda ta rubuta 23 daga cikin 30 na farko, dala 125 aka fara biyanta a kowane littafi, kamfani kuwa ya sayar da miliyoyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan kam zalunci ne, ba na kāre shi. Amma mu lura da inda laifin yake. Taimako ba laifi ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. James Patterson, wanda littattafansa suka haura 200 a zamaninmu, shi ma tsarin labari yake yi ya miƙa wa abokin aiki, amma yana sa sunan abokin a bango, ko da da ƙananan baƙaƙe ne. Mai saye ya san abin da ya saya. Laifin yana wajen ɓoye sunan mai gumi. Kuma don an kama mutum 1 da hannun haya, ba hujja ba ce a shafa wa duk mai ƙwazo baƙin jini.

Yanzu mu dawo gida, don kada a ce na tafi yawon Turai na manta ƙofar gidanmu. Wane littafi muka fi ɗaukaka a wannan Sashe? Magana Jari Ce. Yaya aka yi shi? A 1936 aka aro Malam Abubakar Imam daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya na wata 6. A cikin wannan ɗan lokaci ya rubuta littafin, kashi 3, labarai fiye da 80. An ba shi wa'adi, an ba shi wurin zama, Rupert East ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Turawa da na wasu al'ummu, ya karanta, ya narkar da su, ya zuba su a tukunyar Hausa har ba mai jin ƙanshin baƙunci. Watau wa'adi, da ƙulle, da tsari, da mai dubawa, abubuwan da muke yi wa wasu dariya a kansu, su ne suka haifi littafin da muke rubuta jarrabawa a kai. Da Imam ya tsaya jiran hikima ta sauko masa a hankali kamar yadda yayanmu ke so, da yanzu ban san abin da za a riƙa koya mana ba.

Na san za a ce mini, to, Shaihu Umar fa? Ai shi kaɗai ne ƙagaggen labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga shi kuwa ya rayu. Haka ne, ban musa ba. Littafi 1 mai kyau ya fi 100 marasa kyau, wannan ko yaro ya sani. Amma shi Tafawa Ɓalewa koyarwa ta ɗauke shi, siyasa ta ɗauke shi, har ya riƙe ƙasa. Kai da ke fakewa da shi, wace ƙasa kake riƙe? Kuma shi ya rubuta ɗayan. Kai ina naka?

Ainihin waɗanda ake yi wa habaici a taron nan, kowa ya sani, su ne marubutan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, waɗanda suka taso tun daga wajen 1984, lokacin da Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, har zuwa su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Funtuwa, da ɗaruruwan da suka biyo bayansu. Yadda suka yi yawa ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin ɗab'i sun ja baya, sai marubuci ya zama shi ne mai rubutu, shi ne mai kai wa mai buga keken rubutu, shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Jarinsa kaɗan ne, saboda haka sai ya yanka labari kashi-kashi, na 1 da na 2 da na 3, kuɗin na 1 su buga na 2. Wannan ya sa lissafin littattafan ke kumbura, ya kuma sa wasu ke jan labari kamar ƙaba don a sami kashi na 4. Yau kuma da abin ya koma waya, marubuciya kan saki shafi kowace rana a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu na jira, in ta makara su dame ta da saƙo. Agogon Trollope ke nan ya dawo, sai dai yanzu masu karatu ne ke riƙe da shi.

Ban ce duk abin da suka rubuta zinariya ba ne. Akwai masu karya ƙa'idar rubutu har ido ya yi ciwo. Akwai masu kwashe fim ɗin Indiya su sa masa kallabi. Akwai masu batsa don neman kasuwa. A faɗi wannan, a kama suna littafi-littafi, a nuna shafi da layi, wannan shi ne nazari. Amma a tsaya a zaure a ce duk shara ce don kawai suna da yawa, alhali ba a karanta ko 5 daga ciki ba, wannan ba nazari ba ne, hassada ce ta sa rigar ilimi.

Mu kuma tuna da wani abu. Trollope yana da baran da ke tashinsa, Simenon yana da masu tsare masa ƙofa, Cartland tana da sakatarori. Matar da ke rubutu a Kano ko Funtuwa ko Gusau fa? Sai ta sauke tukunya, ta wanke kwanuka, ta kwantar da yara, sa'an nan ta jawo fitila ko waya. Wadda ta fitar da littafi 20 a wannan hali, mu da aka ba mu ɗaki da laburare da malamai muka kasa shafi 12, wa ya kamata ya yi wa wani dariya?

Abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi shi ne, harshe ba ya samun masu karatu da littafi 5, kome kyansu. Mai karatu kamar mai kiwo ne, in ya cinye ciyawar nan bai hango wata a gaba ba, sai ya ƙaura. Iyayenmu da suka yi boko sun ba mu labarin yadda suka riƙa cinye littattafan James Hadley Chase ɗaya bayan ɗaya, don mutumin ya rubuta wajen 90, kullum akwai na gaba. Turancinsu a nan ya zauna. Yayata da aka cire daga makaranta tana aji 4 na firamare, da littattafan soyayyar nan da muke rainawa ta ƙware a karatun Hausa, har yau ita ke karanta wa mahaifiyarmu takardar asibiti. Ba Sashenmu ya koya mata ba, ba kuma mujallarmu ba, wadda Edita kan sha yawo ɗaki-ɗaki yana roƙon a ba shi abin bugawa.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, roƙona gare ku shi ne ku daina barin mu muna cin maki da zagin littafin da ba mu karanta ba. Duk ɗalibin da ya ce wane sharar marubuci ne, a ce ya kawo littattafansa 3, ya nuna inda sharar take. In ya nuna, a ba shi makinsa. In ya kasa, a mayar masa da takardarsa.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ga ƙalubale. Zangon karatu yana da wajen kwana 100. Kowannenmu ya ɗauki kalma 300 a rana, bayan sallar asuba, kafin ya taɓa waya. A ƙarshen zango kalma 30,000 ke nan, littafi guda. Na farkon ba zai yi kyau ba, na sani, don shi Simenon ma sai da ya ɓata takarda mai yawa da sunan aro kafin ya yarda ya sa nasa. Amma mummunan littafin da aka rubuta ana iya gyara shi, wanda ke cikin kai kuwa ba mai iya sa masa jan biro. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ni dai na ciro jan littafina daga ƙarƙashin akwati, na kakkaɓe masa ƙura. Mako 3 ke nan ina gwada abin, na karya alkawari sau 4, amma ina shafi na 38. Ban ga aljani ba tukuna, sai barci da ciwon wuya. Yayana mai hula, ina gayyatarka, mu haɗu a taron ƙarshen wannan zango, kowa da nasa a hannu. In naka ya fi nawa, ni zan fara tafa maka, wannan karon kuwa da dalili.

Wassalam.